Hannun jari ba kujera ba ne: yadda ake tsige mutum daga kamfanin da ya gina

A shekarar 1969 aka yi babban taron wani ƙaramin kamfani a Landan mai suna Westbourne Galleries, wanda masu hannun jarinsa uku ne kacal. Biyu uba ne da ɗansa. Ko da aka tashi, na ukun, mai suna Ebrahimi, ya rasa kujerarsa ta darakta a kasuwancin da ya shafe fiye da shekara ashirin yana ginawa. Ba wanda ya yi masa maguɗi, ba wanda ya kwaikwayi sa hannunsa. Ƙuri'a aka ƙirga bisa doka, hannun jari 600 suka kayar da 400.

Sana'ar tasu ta dardumomi ce. Tun wajen 1945 Ebrahimi da Nazar suke haɗin gwiwa, riba rabi da rabi, shawara ɗaya. A 1958 suka mayar da harkar kamfani, kowa ya ɗauki hannun jari 500. Ba a jima ba George, ɗan Nazar, ya shigo, aka ba shi kujerar darakta, kowannensu ya yanko masa 100. Lissafi ya koma 400, 400, 200. Ranar da Ebrahimi ya sa hannu a kan wannan ɗarin, ranar ya miƙa wuyansa, ko da yake sai bayan shekara goma ya gane.

Abin da ya sa tsigewar ta zama yanka shi ne yadda suke raba kuɗi. Kamfanin bai taɓa biyan ribar hannun jari ba ko sau ɗaya. Duk abin da aka samu, da sunan ladan darakta ake raba shi. Wato wanda ya sauka daga kujera ya sauka daga riba. Hannun jarin nasa kuwa ba ya iya sayar da shi sai da yardar daraktoci, kuma daraktocin su ne Nazar da ɗansa. Ga shi da kashi 40 cikin ɗari na kamfani mai kawo kuɗi, amma ko sisi ba ya shiga aljihunsa, kuma ba hanyar fita.

Shari'ar da Ebrahimi ya shigar a kan wannan tsigewa ita ce uwar duk wata magana da lauyoyi ke yi a kan danniyar masu hannun jari a ƙananan kamfanoni, har a Najeriya da ta gaji tsarin dokar kamfanoni daga Ingila. Zan dawo kan yadda ta ƙare. Kafin nan ya kamata a gane dalilin da ya sa irin wannan rigima ta fi zafi a ƙaramin kamfani.

Wanda ya sayi hannun jarin babban banki ko kamfanin siminti a kasuwar hannun jari ta Legas, in shugabanni suka ɓata masa rai, sai ya kira dillalinsa ya sayar, kuɗinsa su shigo cikin 'yan kwanaki. Bai taɓa sa ran za a ba shi ofis ba. Kamfani mai zaman kansa kuwa, wanda a dokar Najeriya membobinsa ba sa wuce 50, kuma yawanci biyu ne zuwa biyar, babu kasuwar da ake kai hannun jarinsa. Kundin ƙa'idojinsa ya taƙaita sayarwa ga bare. Ko ba a taƙaita ba ma, wane ne zai zuba miliyoyi ya sayi kashi 30 na kamfanin da kashi 70 ɗinsa ke hannun wasu 'yan gida ɗaya da bai sani ba? Mai saye ɗaya ne a duniya, shi ne mutumin da kuke rigima da shi. Ya kuma san haka.

Sannan a irin wannan kamfani mutum ɗaya yakan riƙe matsayi uku a lokaci guda, har ya manta cewa uku ne. Mai hannun jari ne, darakta ne, kuma ma'aikaci ne mai albashi, watakila manajan darakta. A ransa abu ɗaya ne: kamfaninmu ne. A wurin doka kuwa kowanne da igiyarsa. Hannun jari dukiyarsa ce, ba a ƙwace ta da ƙuri'a. Kujerar darakta aro ce daga masu rinjaye, ranar da suka so sai su karɓe. Aikin albashi kwangila ce, ana yanke ta kamar ta kowane ma'aikaci. Masu rinjaye ba sa taɓa na farkon. Biyun ƙarshe suke cirewa, su bar shi riƙe da takarda.

Matsar tana da salo, kuma kusan iri ɗaya ce ko'ina. Za a fara da yin taro ba a gaya masa ba, ko a gaya masa a ƙurarren lokaci. Sai a sauya masu sa hannu a asusun banki. Sai tsigewa ta biyo, albashi ya tsaya, a karɓe mota, wani lokaci har a canza makullin ofis. In ya yi magana a ce masa, "Ai ba wanda ya kore ka, hannun jarinka na nan." Ƙarshen shekara ya tambayi riba, a ce, "Bana kamfani na buƙatar jari." A wannan shekarar kuma albashin daraktocin da suka rage ya ninka, an ɗauki ƙanin wane da surukin wane aiki, kamfani na biyan hayar sito ga wani gini da mai rinjaye ya mallaka. Masu tsananin wayo sukan buɗe sabon kamfani a gefe su riƙa karkatar da abokan ciniki can, ko su fitar da sabbin hannayen jari a daidai lokacin da suka san ba shi da kuɗin saye, kashi 30 ɗinsa ya zama 10. Bayan ya galabaita, sai a turo wani dattijo da tayi: ga kaza, ka sayar mana, a rabu lafiya. Kazan nan ba ya kai rubu'in ƙimar abin.

Kowane mataki a cikin waɗannan, in ka ɗauke shi shi kaɗai, yana da rigar halal. Wannan shi ne wahalar al'amarin.

Ɗauki tsigewa. Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, a sashe na 288, ta ba masu hannun jari ikon cire darakta da ƙuduri na rinjaye kawai, wato abin da ya haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa, ko da kundin kamfani ko wata yarjejeniya da aka yi da shi sun faɗi akasin haka. Ba sai an kama shi da laifi ba. Abin da dokar ta gindaya hanya ce: a ba kamfani sanarwa ta musamman ta kwana 28, a aika wa daraktan kwafi, a bar shi ya kare kansa a rubuce da kuma a gaban taro. In yana da kwangilar aiki da aka karya, haƙƙinsa na neman diyya na nan. Amma diyya daban, kujera daban.

Ita ma riba haka take. Babban taro ba ya ayyana ribar hannun jari sai daraktoci sun kawo shawarar biya, kuma taron na iya rage abin da suka kawo amma ba ya iya ƙarawa. Wanda ke riƙe da daraktoci shi ke riƙe da bakin famfo. Ga kuma maganar littattafai: darakta na da ikon duba littattafan kuɗi duk lokacin da ya so, mai hannun jari zalla sai ya jira lissafin ƙarshen shekara. Dokar 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, ta ɗauke musu wajabcin babban taron shekara-shekara da na ajiye sakataren kamfani, wasunsu har da mai binciken kuɗi. An yi haka don rage wa 'yan kasuwa ɗawainiya, kuma ya rage. Sai dai ga wanda aka tsige, waɗannan su ne 'yan tagogin da zai leƙa ta cikinsu, an kuwa halatta a toshe su.

Kotunan Najeriya ba sa wasa da batun hanya, wannan kam a yaba musu. Shahararren misali ba daga ƙaramin kamfani ya fito ba. A 2002 daraktocin First Bank suka cire manajan darakta Bernard Longe a wani zama da ba a ba shi sanarwarsa ba. Bankin ya ce ai an riga an dakatar da shi, don haka ba ya cikin masu haƙƙin sanarwa. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce dakatarwa ba ta cire mutum daga zama darakta, rashin sanarwar ya ɓata zaman, abin da aka yanke a cikinsa kuma ya faɗi. Shekara ashirin kafin nan, a 1990, kotun ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar Yalaju-Amaye da kamfanin injiniyoyi na AREC, inda abokan tafiyarsa suka ce wai manajan daraktan ya yi murabus da baki, kotu ta ƙi karɓa.

Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, Longe ya shekara takwas kafin ya ji wannan hukunci. Na biyu, nasara a kan hanya ba ta hana a sake. In kotu ta ce ba ku ba shi sanarwa ba, sai su ba shi sanarwa, su saurare shi cikin ladabi, a kawo lemo da ruwa, sannan a kaɗa ƙuri'ar nan dai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Duk lauyan da ya gina wa mai ƙaramin kaso ƙararsa a kan kuskuren sanarwa kawai, lokaci ya saya masa, ba mafita ba.

Tushen ikon masu rinjaye tsoho ne. Tun 1843, a shari'ar Foss da Harbottle, kotun Ingila ta kafa cewa in an cuci kamfani, kamfanin ne zai kai ƙara, ba ɗaya daga cikin masu shi ba, kuma abin da rinjaye zai iya amincewa da shi kotu ba ta tsoma baki. Akwai hikima a ciki, don in kowane mai hannun jari zai ja kamfani kotu duk sanda aka kayar da shi a ƙuri'a, ba kasuwancin da zai kai shekara. Sai dai ƙa'idar ta bar rami: in masu cutar kamfanin su ne masu rinjayen, wa zai sa kamfani ya yi ƙarar su? An ba kura ajiyar nama. Dokar Najeriya ta ɗauki ƙa'idar, sannan ta buɗe ƙofofi a jikinta, ciki har da damar mai ƙaramin kaso ya nemi izinin kotu ya yi ƙara da sunan kamfani. Abin da aka ci a irin wannan ƙarar asusun kamfani yake shiga, asusun da masu rinjayen ke riƙe da shi. Shi ya sa ba ita ce ta fi amfanar wanda aka tsige ba.

Mu koma wurin Ebrahimi. Ya nemi kotu ta tilasta wa Nazar da ɗansa su saye hannun jarinsa, in kuma hakan bai samu ba a rushe kamfanin. Alƙalin farko ya ce abin da aka yi masa bai kai danniya ba a ma'anar dokar kamfanoni ta 1948, wadda ke da tsauri ƙwarai, amma ya yarda a rushe. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke, ta ce masu rinjaye ikonsu suka yi amfani da shi. A 1972 magana ta kai kotun ƙarshe ta Birtaniya, wadda a lokacin ke zama a cikin majalisar dattawan ƙasar, ta dawo da hukuncin farko.

Bayanin Mai shari'a Wilberforce shi ne abin da ake karantawa har yau. A taƙaice ya ce kamfani ba takarda ba ne kawai, a bayansa akwai mutane masu fahimtar juna da abin da suke tsammani daga juna, wanda ba lallai ne a same shi a kundi ba. Ya kawo alamomi uku na kamfanin da a haƙiƙa haɗin gwiwa ne da ya sa rigar kamfani: an kafa shi a kan amana tsakanin mutanen da suka san juna, akwai fahimtar cewa masu hannun jarin za su kasance cikin tafiyar da shi, kuma an taƙaita sayar da hannun jari ta yadda wanda aka ture ba zai iya ɗaukar dukiyarsa ya tafi ba. In waɗannan suka haɗu, kotu na iya cewa: ikon tsigewa naku ne, amma ba za ku tsige shi ku kuma riƙe dukiyarsa ba.

Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. A kasuwa, in mutum biyu suka haɗa jari suka ɓata, ana kiran manya, a ƙirga kaya, a tattara basussuka, kowa ya ɗauki nasa. Ƙofar fita na cikin tsarin tun asali. Ranar da suka je hukumar CAC suka yi rajistar kamfani, don banki ya buɗe musu asusu ko don su nemi kwangila, sun shigo da amanarsu cikin sabon gida amma sun bar waccan ƙofar a waje, kuma ba wanda ya gaya musu. Takardun ma sau da yawa wani wakili ne ya cike, ya tambaya a waya, "Nawa-nawa za a rubuta?" aka ce masa, "Sa wa Alhaji 60, ni 40, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne.

Maganin da Ebrahimi ya samu kuwa mai ɗaci ne. Rushe kamfani mai riba shi ne a fasa kowa ya rasa: a sayar da kaya a farashin gwanjo, suna da abokan ciniki su watse, ma'aikata su kama gabansu. Don haka daga 1980 Ingila ta kawo sabon tanadi a kan tauye mai hannun jari ba bisa adalci ba, wanda yanzu yake sashe na 994 na dokarsu ta 2006. Najeriya na da makamancinsa a sashe na 353 zuwa 355 na CAMA. Memba na iya shigar da koke a Babbar Kotun Tarayya, haka tsohon darakta, cewa ana tafiyar da kamfani ta hanyar danniya, ko tauyewa, ko nuna bambanci. Ikon kotu a nan faɗi gare shi: tana iya soke wani ciniki, ta hana wani mataki, ta tsara yadda za a tafiyar da kamfanin, ta sa a yi bincike, ta umarci a saye hannun jarin mai ƙara, ko ta rushe. Batun albashi da sallama daga aiki kuma na kotun ma'aikata ne, wanda ke nufin mutum ɗaya kan iya samun kansa a kotu biyu a kan rigima ɗaya, da kuɗin lauya biyu, alhali an tsayar masa da albashi. Ɗaya ɓangaren kuwa sau da yawa daga asusun kamfani yake biyan nasa lauyan, wato har da kuɗin mai ƙarar ake yaƙarsa.

Kada a ɗauka duk wanda aka ɓata wa rai kotu za ta share masa hawaye. Shari'ar O'Neill da Phillips ta 1999 ta ja layi, kuma labarinta kamar a unguwarmu aka yi shi. Phillips na da kamfani mai suna Pectel da ke aikin cire asbestos, wani kayan gini mai cutar da huhu, daga gine-gine. A 1983 ya ɗauki O'Neill lebura. Yaron ya nuna ƙwazo, a 1985 maigida ya ba shi hannun jari 25 cikin 100, ya naɗa shi darakta, ya ja baya ya bar masa ragama, ana raba riba rabi da rabi. An yi ta maganar cewa in kamfani ya kai wani mataki za a cika masa hannun jarinsa ya zama 50, amma ba a taɓa ƙulla yarjejeniyar ba. A 1991 aikin gine-gine ya ja baya, Phillips ya dawo ya karɓi ragama, ya tsayar da rabon rabi da rabi, ya bar O'Neill a matsayin darakta mai kula da reshen Jamus. O'Neill ya kai ƙara.

Bai yi nasara ba. Mai shari'a Hoffmann ya ce Phillips bai yi alƙawarin da zai ɗaure shi ba. Fata daban, alƙawari daban. Ba a kore shi daga kamfanin ba, ba a ƙwace kashi 25 ɗinsa ba, kuma lalacewar zumunci kaɗai ba ta ba mutum ikon ya ce dole a saye shi ya tafi. Duk yaron shagon da ya shekara goma yana jin "wata rana zan sallame ka" ya san ciwon wannan hukunci. A ganina hukuncin daidai ne duk da zafinsa, don in kotu za ta mayar da kowace kyakkyawar magana bashi, ba maigidan da zai ƙara jawo yaronsa kusa.

Su ma masu rinjaye ba kullum ne azzalumai ba, gaskiya ɗaya ce. Akwai abokin tafiyar da ya daina zuwa ofis amma bai daina karɓar albashi ba. Akwai wanda ke sa hannu a asusu ya yi hidimar gidansa, akwai wanda ya buɗe tasa harkar a gefe da abokan cinikin kamfani. Irin wannan in aka cire shi ya ruga kotu yana kukan danniya, halinsa na cikin abin da alƙali zai auna. Kotun ƙolin jihar Massachusetts ta Amurka ta samo ma'auni mai kyau a 1976, a shari'ar Wilkes da gidan kula da tsofaffi na Springside, inda mutum huɗu ke da kaso daidai wa daida, uku suka haɗe kai a 1967 suka yanke wa na huɗun albashi suka hana shi kujera. Kotun ta ce masu rinjaye su nuna dalilin kasuwanci na gaskiya da ya sa suka yi abin da suka yi. In sun nuna, shi kuma mai ƙara ya nuna cewa da akwai wata hanya da za ta biya buƙatar ba tare da an yi masa wannan illar ba. A can ma ba baki ɗaya ba ne, don a 2014 kotun ƙolin Texas ta ƙi yarda a tilasta sayen hannun jari saboda danniya.

A ƙasan duk wannan gardama, abin da ake faɗa a kai farashi ne. Da wuya wanda aka tsige ya so komawa ofis ɗaya da waɗanda suka tsige shi. Kuɗinsa yake so. Tambayar ita ce nawa. A ce kamfani ya kai naira miliyan 200, kai kana da kashi 30. Kai za ka ce miliyan 60. Su za su kawo akanta ya ce kason da ba shi da iko ba ya daraja kamar mai iko, babu baren da zai saye shi a haka, don haka a zabge. Maganarsa a kasuwa gaskiya ce. Sai dai kotunan Ingila, tun shari'ar Bird Precision Bellows a tsakiyar shekarun 1980, sun tsaya a kan cewa in kamfanin na amana ne irin na Ebrahimi kuma ture mutum aka yi, ba a zabge masa komai, tunda ba shi ya zaɓi sayarwa ba. Hoffmann ya ƙara da cewa in masu rinjaye suka yi tayi na adalci tun farko, wato cikakken kaso ba ragi, ƙwararre mai zaman kansa ya yi ƙima, kowane ɓangare ya ga takardun da ɗayan ya gani, to ƙarar ba ta da sauran dalili. Waɗannan hukunce-hukuncen ba sa ɗaure alƙalin Najeriya, amma lauyoyi na kawo su, kotuna na jin nauyinsu.

Ko an yarda ba ragi, saura ranar ƙima. Ranar da aka tsige shi, ko ranar hukunci bayan shekara shida, lokacin da aka riga aka kwashe abokan ciniki zuwa sabon kamfani, naira kuma ta zube? Sannan wane littafi za a duba? Kamfanin da ya saba ajiye lissafi biyu, ɗaya na masu haraji ɗaya na gida, ya haƙa wa mai ƙaramin kaso rami da hannunsa. Shekara da shekaru yana sa hannu a kan takardar da ke cewa ba riba, yau kuma yana so alƙali ya yarda kamfanin na miliyoyi ne.

A Nijar da Kamaru da Chadi, inda dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ke aiki, tsarin ya ɗan bambanta. Masu fiye da rabin jari na iya cire manajan ƙaramin kamfani, amma in babu ƙwaƙƙwaran dalili yana iya neman diyya. Dokar ta kuma ambaci cin zarafi da rinjaye da sunansa: shawarar da masu rinjaye suka yanke don amfanin kansu kawai, ta cuci 'yan tsiraru, ba tare da maslahar kamfani ta buƙace ta ba, ana iya soke ta.

Abin ba sabo ba ne a wurin mai karatun Alƙur'ani. A Suratu Sad, mai tunkiya ɗaya ya kai ƙarar ɗan'uwansa mai tunkiya 99 da ke neman haɗe ɗayar, ya kuma rinjaye shi a magana, Annabi Dawuda ya ce da yawa daga masu haɗa dukiya sashensu na zaluntar sashe. Duk da haka mu ne muke jin kunyar rubutu. Ka ce wa amininka ko yayanka a rubuta abin da zai faru in an ɓata, sai ya ce, "Haba, tsakaninmu?"

Abin da ake rubutawar ba shi da yawa. Yarjejeniyar masu hannun jari, wadda ke zaune gefe da kundin kamfani, tana iya cewa duk wanda aka cire daga kujera ba don ha'inci ba dole a saye kasonsa cikin wata kaza, a kan ƙimar da akanta mai zaman kansa ya yanke, ba ragi. Tana iya cewa kaso kaza na riba dole a raba duk shekara, kuma ƙarin albashin daraktoci, fitar da sabon hannun jari, ko ciniki da dangin darakta sai kowa ya sa hannu. Tana iya tura rigima wurin mai sulhu kafin kotu. Ba za ta hana tsigewa ba, sashe na 288 ya rufe wannan, amma za ta sa wa tsigewar kuɗi. A Ingila akwai wata dabara da kotu ta amince da ita a 1970, a shari'ar Bushell da Faith, inda wani mutum da 'yan'uwansa mata biyu ke da 100-100, kundinsu ya ce in ana ƙuri'ar cire darakta kowane hannun jarinsa ƙuri'a uku ne, sai 100 ɗinsa ya zama 300 ya kayar da 200 ɗinsu. Kada wani ya kwafo wannan ya kawo Kano. A Najeriya hannun jari na gama-gari ɗaya ƙuri'a ɗaya ce.

Akwai rukunin da ba su taɓa samun damar rubuta komai ba, su ne magada. Mai kamfani ya rasu, aka raba hannun jarinsa: matansa su raba tumuni, 'ya mace ta ɗauki rabin na namiji. Kason da yake dunƙule a hannu ɗaya ya farfashe gida goma sha, kuma kafin sunan kowa ya shiga rajistar membobi sai an bi ta takardun kula da gado. Kujerun kuwa suna hannun ƙanin mamaci ko babban ɗansa, waɗanda dama suke ofis. Gwauruwa da 'yan mata ba su taɓa zama daraktoci ba, don haka hujjar Ebrahimi ta cewa an ture su daga tafiyar da kamfani ba tasu ba ce. Abin da kawai za su kama shi ne riba. A wata ƙara da aka saurara a 1989, wasu 'yan dangi da suka gaji hannun jari a kamfanin Sam Weller na Ingila suka kai kukan cewa shekara 37 ana biyan ribar hannun jari iri ɗaya ba ƙari, alhali kamfanin na tara kuɗi, masu tafiyar da shi na cin albashi. Ɗaya ɓangaren ya nemi a kori ƙarar, da hujjar cewa ƙarancin ribar ya shafi kowane mai hannun jari daidai, har da su. Alƙali ya ƙi. Ya ce mai albashi da marar albashi ba sa jin ƙarancin riba iri ɗaya, ya bar ƙarar ta ci gaba.